Yatsa a Tsakanin Gira: Me Danna Goshi Yake Yi wa Ciwon Kai da Toshewar Hanci?

Shirin lafiya na wannan mako ya tsaya ne a kan wani ɗan wuri a fuskar ɗan Adam, wanda faɗinsa bai wuce kan yatsa ba: tsakanin gira biyu, daidai inda karan hanci ya haɗu da goshi.

Wurin ba baƙo ba ne ga kowa. Tela da ya wuni yana zura zare a allura, da ɗalibin da ya kwana a kan littafi, da direban da ya sha hazo tun daga Kano har Maraɗi, duk idan kai ya fara sara, hannu da kansa yake tafiya can ya matsa, ba tare da an koya wa kowa ba. Sinawa ne suka raɗa wa wurin suna, Yintang, suka shigar da shi littattafan likitancinsu na gargajiya. Yanzu kuma bidiyoyin waya sun ɗauko shi suna yawo da shi, suna alkawarin cewa dannawar minti ɗaya tana buɗe hanci ta kori ciwon kai, ba ya ƙara dawowa. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai kuma ƙarin gishiri mai yawa.

Asalin abin yana ƙasar Sin. Littafin da ake kira Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya bayyana jikin mutum a matsayin wuri mai hanyoyi da wani ƙarfi na rayuwa yake bi, ya ce ciwo yana tasowa ne idan wannan ƙarfi ya maƙale ko ya karkace. A kan hanyoyin akwai gurabe da ake soka wa siraran allurai, ko a ɗumama su da hayaƙin wani ganye, ko a danna da yatsa. Ba wasa Sinawa suka ɗauki sanin waɗannan gurabe ba. A shekarar 1027, zamanin daular Song, wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi na tagulla mai girman mutum, aka huda shi a kowane gurbi. An ruwaito cewa ranar jarrabawa sai a shafe shi da kakin zuma har ramukan su ɓace, a cika cikinsa da ruwa, a miƙa wa ɗalibi allura a ambata masa sunan gurbi. In ya dace, allura ta shige ruwa ya tsirto. In ya kuskure ko da kaɗan ne, allura ta ci karo da tagulla, shi kuma ya koma ya sake karatu.

Turawan Yamma sun daɗe da jin labarin, amma abin da ya tayar da ƙurarsa a Amurka shi ne wani ɗan jarida na New York Times, James Reston, wanda ciwon afendis ya kama shi a Beijing a watan Yulin 1971. An yi masa tiyata irin ta asibiti, sannan aka soka masa allurai don rage masa zafin ciki bayan aikin. Ya rubuta labarin a jaridarsa, kuma cikin 'yan shekaru ɗakunan jinyar allura suka bazu a biranen Amurka da Turai. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayanin inda gurabe 361 suke, domin masu bincike su daina saɓani kan wurin da suke nufi. Yintang ba ya cikin wannan adadi. An daɗe ana lissafa shi cikin gurabe na ƙari. Duk da haka yana cikin waɗanda masu wannan sana'a suka fi taɓawa, musamman ga mai ciwon goshi, da mai toshewar hanci, da wanda barci ya ƙaurace wa idonsa.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Mutum ya wanke hannu, ya sami wuri ya zauna ya jingina bayansa, ya rufe ido. Sai ya ɗora tsokar kan yatsan manuniya ko babban yatsa, ba farce ba, a tsakanin girarsa, inda zai ji ɗan lotsawa a saman karan hanci. Ya danna da ƙarfi matsakaici, wanda zai ji nauyinsa amma ba zai sa shi cije leɓe ba, ya riƙa juya yatsan a hankali ba tare da ya ɗaga shi daga fata ba. Numfashi shi ne rabin aikin: ya shaƙa sannu, ya fitar sannu, ya saki kafaɗu da muƙamuƙi. Minti ɗaya zuwa uku sun wadatar, kuma ana iya maimaitawa sau da dama a wuni. Masu wannan hanya sukan haɗa da wasu wurare na kusa: bakin gira ta wajen hanci, da lotsawar da ke gefen kowace ƙofar hanci, da gefen goshi tsakanin wutsiyar ido da kunne, da ramuka biyu na ƙeya inda wuya ya haɗu da ƙoƙon kai. Ƙwayar ido kuwa ba a danna ta ko kusa.

To, me ke ƙarƙashin yatsan? Masu ilimin sassan jiki sun feɗe, sun duba da madubin likita da na'urorin hoto, ba su ga hanyoyin ƙarfin da tsoffin littattafan suka zana ba. Abin da suka gani shi ne fata, da ƙananan tsokoki da suke haɗe gira idan mutum ya ɗaure fuska, da rassan wata babbar jijiya da ke kai saƙon ji daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa, ta biyar a jerin jijiyoyin kai 12. Wannan jijiya ita ce ke ɗauke da labarin goshi, da ido, da cikin hanci, da haƙora. Shi ya sa ciwon haƙorin sama kan yi kama da ciwon kunci, ciwon hanci kuma ya bayyana a goshi.

A nan ne bayanin zamani ya shigo. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo ra'ayin cewa saƙon zafi ba ya zarcewa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Yana bi ta wata mashiga, kuma saƙon taɓawa da matsawa yana iya rage abin da ke wucewa. Duk uwar da ɗanta ya taɓa gwara goshi da ƙyaure ta san wannan a aikace: takan sa tafin hannu ta murza wurin, kuka ya lafa. Sai kuma a 1975 aka gano a Jami'ar Aberdeen cewa jiki yana sarrafa nasa sinadaran rage raɗaɗi. Idan aka haɗa waɗannan da sakin tsokar goshi da ta wuni a ɗaure, da zaman minti uku ido a rufe ba waya ba hayaniya, ba abin mamaki ba ne mai ciwon kai na gajiya ya buɗe ido ya ce ya ji dama-dama.

An gwada gurbin Yintang kansa a ɗakin bincike. A 2003, a birnin Atens na ƙasar Girka, wata likitar sa barcin tiyata mai suna Argyro Fassoulaki da abokan aikinta suka danna shi na minti 10 a goshin mutum 25 masu lafiya, suna auna aikin ƙwaƙwalwarsu da na'urar da ake lura da zurfin barcin majiyyaci. Alƙaluman na'urar suka sauka, mutanen kuma suka ce hankalinsu ya kwanta. Da aka ɗaga yatsa, alƙaluman suka koma inda suke. A Jami'ar Yale ta Amurka ma an gwada shi a kan iyayen da ke jiran a shiga da 'ya'yansu tiyata, aka ga fargabarsu ta ragu. Abin lura shi ne, waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma natsuwa suka auna, ba warkewar ciwon kai ko na hanci ba.

Manyan binciken ciwon kai a kan allurai aka yi su, ba a kan yatsa ba. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta duba gwaji 22 da suka shafi kusan mutum 5,000 masu ciwon ɓarin kai. Cikin waɗanda aka yi wa jinyar allura ta gaske, kashi 50 cikin 100 yawan tasowar ciwonsu ya ragu da rabi. Cikin waɗanda aka yi wa ta bogi, wato aka soka allurar a wurin da ba gurbi ba ko aka taɓa fata sama-sama, kashi 41 ne suka sami wannan sauƙi. A ciwon kai na ɗaurewar tsoka ma tazarar kusan haka take, 51 da 43. Tazarar tana nan, sai dai siririya ce, kuma tana nuna cewa kaso mai tsoka na amfanin yana fitowa ne daga taɓawa, da kulawa, da sa ran samun sauƙi. Wang Weiyi da zai ga waɗannan alƙaluma, da wuya ransa ya yi daɗi, shi da yake kayar da ɗalibi saboda kuskuren faɗin ƙwayar gero.



Batun hanci shi ne inda masu talla suka fi zaƙewa. A cikin ƙashin fuska akwai ramukan iska kashi huɗu, kowanne dama da hagu: na goshi, da na kunci waɗanda suka fi girma, da na tsakanin idanu, da na can ciki a bayan hanci. Likitoci suna kiran su sainos. Kowanne an shimfiɗe shi da tattausar fata mai fitar da majina, da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, masu share majinar zuwa wata 'yar ƙofa da ke zuba cikin hanci. Idan mura ko ƙura ta kumbura wannan fata, ƙofar ta tsuke, majina ta taru, sai mutum ya ji fuskarsa ta yi nauyi, musamman idan ya sunkuya ko ya yi sujada. Lamarin kamar indararo ne da ya toshe a kan soro: bubbuga bango daga waje ba ya fitar da ruwan. Ramin goshi yana bayan ƙashi mai tauri, kuma babu yatsan da zai lanƙwasa wannan ƙashi ya tatso abin da ke ciki. Abin da dannawa take iya yi shi ne rage jin nauyin da zafin na ɗan lokaci, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ya samu ya runtsa.

Haka labarin man zafi yake. Sanyin da mutum yake ji idan ya shaƙi mai sinadarin mentol yana sa shi jin kamar hanci ya buɗe, amma da masu bincike suka auna iskar da ke wucewa, sun tarar ba ta ƙaru ba. Jin daɗin gaskiya ne, toshewar kuma tana nan. Ba a cusa irin wannan mai a cikin hanci, ba a kuma shafa wa jarirai a fuska.

Mutanen ƙasar Hausa suna da dalilin damuwa da wannan batu fiye da wasu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe, ta zube ta a Damagaram da Katsina da Sakkwato da Maiduguri. Hanci ya bushe, leɓe ya tsage, kowane gida a ji ana atishawa. Mafi yawan kumburin ramukan hanci na wannan lokaci ƙwayar bairos ce ta mura ke kawo shi, kuma yakan wuce da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Waɗanda ke rikiɗewa su koma ciwon bakteriya ba su wuce 2 cikin 100 ba. Ke nan kafson antibayotik da ake ruga wa kemis a saya tun ranar farko, a yawancin lokuta asarar kuɗi ce, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Alamun da ke sa likita ya yi tunanin bakteriya su ne ciwo ya haura kwana 10 babu sauƙi, ko zazzaɓi mai zafi tare da majina mai kauri kwana uku zuwa huɗu a jere, ko mutum ya fara warwarewa sai ciwon ya dawo ya fi na da.

Abin da ya fi yatsa isa cikin hanci shi ne ruwan gishiri. A tafasa rabin lita na ruwa, wato gwargwadon leda ɗaya ta fiya-wata, a bar shi ya huce, a narkar da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri wanda ba a yi masa tozo ba. Mutum ya zuba kaɗan a tafin hannu mai tsabta, ya shaƙa ta ƙofar hanci ɗaya ya bari ya zubo, sannan ya koma ɗayar. Mai yin alwala ba ya bukatar a nuna masa yadda ake shaƙa ruwa a face. Bambancin kawai shi ne gishirin da tafasawar, kuma a haɗa sabo kullum. Sirace da ruwan zafi yana sanyaya wa wasu rai, amma ya sha ƙona yara, don haka a nisanta su da tukunyar. Maganin ɗigawa ko fesawa a hanci mai buɗe shi nan take kuwa, idan aka zarce kwanaki kaɗan ana amfani da shi, hancin yakan ƙara toshewa da zarar an daina, mutum ya koma ba ya iya kwana sai da kwalbar a ƙarƙashin matashi.

Akwai kuma wani abin da zai ba mutane da yawa mamaki. A 2004 aka wallafa wani bincike a Amurka a kan mutum 2,991 da suka ce ciwon kansu na sainos ne, ko dai su suka yanke wa kansu hukuncin ko wani likita ya taɓa faɗa musu. Da aka bi alamunsu dalla-dalla, kashi 88 cikin 100 ciwon ɓarin kai ne ke damunsu. Dalili kuwa jijiyar nan ta biyar ce: idan ciwon ɓarin kai ya taso, yana iya sa hanci ya toshe, ido ya yi ruwa, kunci da goshi su yi nauyi. Mace da take fama da sarawar kai duk wata, tana jin tashin zuciya, haske da ƙara suna damunta har sai ta shige ɗaki ta ja labule ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, mai yiwuwa shekara da shekaru tana shan maganin mura a kan ciwon da ba mura ba ne. Ciwon ɓarin kai yana da magungunansa na musamman, har da na rigakafin tasowarsa. Danna goshi ba zai cutar da ita ba, amma idan ya hana ta zuwa a gane ainihin ciwon, ya ci mata lokaci.

Inda wasa ya ƙare shi ne ciwon kan da ke zuwa da rakiya. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha, kuma lokacin cutar shi ne rani, daga Disamba zuwa Yuni, daidai lokacin da kowa yake ɗora laifin ciwon kansa a kan hazo ko zafin rana. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko amai, ko gigicewa, ko ƙin haske, ba su jiran gobe. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Zazzaɓi da ciwon kai a kowane lokaci na shekara kuma suna bukatar gwajin maleriya. Haka ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba, da wanda ya zo da karkacewar baki ko mutuwar hannu ko sarƙewar harshe, da wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur, da wanda ya zo da kumburi da ja a kewayen ido ko gani biyu-biyu. Duk waɗannan na asibiti ne, a kuma tafi a lokacin.

Mai juna biyu tana da nata kashedin. Masu jinyar Sinawa da kansu suna hana danna tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ga mai ciki, wurin da ake yawan haɗawa da na goshi a bidiyoyin ciwon kai. Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne ciwon kai bayan ciki ya wuce wata biyar, tare da kumburin fuska da hannuwa ko dishi-dishin gani. Wannan yana iya zama hawan jinin ciki da ke kaiwa ga jijjiga, kuma awon jini ne kaɗai zai nuna. Yara ƙanana kuwa ramin goshinsu bai ma samu ba tukuna, sai sun kai wajen shekara bakwai yake fara bayyana, saboda haka yaron da ke kukan goshi a nemi wani dalilin. Jariri ba a danna masa kai, balle maɗiga. Babba ma ba ya danna inda akwai ƙurji, ko rauni, ko kumburi.

Wurin da wannan dabara ta fi cancanta a yaba mata shi ne wajen rage haɗiyar ƙwayoyi. Mutane da yawa ba su san cewa maganin ciwon kai yana haifar da ciwon kai ba. Wanda yake shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata uku, yana iya faɗawa cikin wani zagaye: ƙwaya ta sake shi, kai ya sara, ya ƙara haɗiyar wata. Ga magungunan da aka gauraya da kafeyin ko kodin, irin waɗanda ake sayarwa a faranti a tasha, kwana 10 a wata sun isa su jawo haka. Ɗan kasuwar da ya saba ɓallar ƙwaya biyu da shayin safe kullum, idan ya koyi fara shan ruwa, ya zauna a inuwa ya danna goshinsa na minti uku kafin ya kai hannu aljihu, wasu ranakun zai tarar bai bukaci ƙwayar ba. Idan kuma ciwon yana yawan dawowa, ya sami kalanda ya riƙa yin alama a kowace ranar da kai ya sara, ya rubuta abin da ya sha da awa nawa ciwon ya ɗauka. Bayan wata ɗaya ya ɗauki takardar ya kai wa likita, a kuma auna masa jini da ƙarfin ganinsa a wannan zuwan.